An ce ana tace ruwan ƙazantar birni, to me ke kashe kifi a gangaren kogi?

"Malam, ina zaune kusa da wani kogi da matatar ruwan ƙazanta ta birni take zuba ruwanta a cikinsa. Hukuma tana cewa ana tace ruwan kamar yadda doka ta tanada, kuma na ga ruwan da idona yana fita daga bututun, ba shi da duhu, ba shi da wani wari mai yawa. Amma duk shekara idan zafi ya tsananta, ruwan kogin ya ja baya, sai kogin ya yi kore shar, mu wayi gari da matattun kifaye a kan ruwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba a bakin bututun suke mutuwa ba, sai can gaba da nisa. Shin ƙarya ake yi mana game da tacewar, ko wani abu ne daban yake kashe kifin?"

Malam, abu biyu kake son sani: ko hukumar ta faɗi gaskiya, da kuma dalilin da ya sa ɓarnar take bayyana nesa da inda ake zuba ruwan. Mai yiwuwa ne hukumar ba ta yi ƙarya ba, kuma duk da haka matatar ce sanadin mutuwar kifin. Ana auna ingancin tacewa a bakin bututu, alhali sakamakonta yana bayyana ne a cikin kogi, kuma kogin ba ɗaya ba ne a kowane wata. Ruwan da kogi zai shanye ba tare da wata illa ba lokacin da yake cike, shi ne zai fi ƙarfinsa lokacin da ya janye. Nisan da ka lura da shi kuwa ba ya wanke matatar daga zargi. Hasali ma yana daga cikin alamomin da masu wannan aiki suka fi sani.

Abin da matatar ke cirewa da abin da take bari

Ruwan da ke fita daga makewayi da wurin wanka da wurin wanke-wanke kusan dukkansa ruwa ne, domin dattin da ke cikinsa bai wuce kashi 1 cikin 1000 ba. Wannan ɗan kashin ne ake fama da shi. Da farko ana tare tsummoki da robobi da ragar ƙarfe, a bar yashi ya kwanta, sannan a shigar da ruwan manyan tankuna ya tsaya na kimanin awa biyu domin laka ta sauka ƙasa. Wannan mataki yana cire fiye da rabin dattin da ke yawo a cikin ruwan, amma abin da yake cirewa daga dattin da ke ruɓewa bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, saboda mafi yawansa a narke yake.

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin. Ana kiwon ƙwayoyin bakteriya a cikin tanki, ana hura musu iska ba dare ba rana, su cinye dattin da ya narke, sannan a bar su su kwanta, a mayar da wani kaso daga cikinsu farkon tankin su ci gaba da aiki. Edward Ardern da W. T. Lockett ne suka bayyana wannan hanya a birnin Manchester na Ingila a 1914, kuma har yau ita ce mafi yawan manyan birane suke amfani da ita. Ana auna nasararta da ma'aunin BOD, wato yawan iskar oksijin da bakteriya za su cinye wajen ruɓar da dattin da ke cikin lita ɗaya ta ruwa a cikin kwana 5, a zafin digiri 20. Ɗanyen ruwan ƙazanta yakan kai miligiram 200 zuwa 300. Matatar da ke aiki da kyau tana sauko da shi zuwa 20 ko 30, kuma a Amurka 30 ce iyakar da aka sa wa wannan mataki, tare da sharaɗin a cire aƙalla kashi 85 cikin 100.

Ruwan da ya kai wannan matsayi garau yake a ido, kamar yadda ka gani. Sai dai mataki na biyu, idan ba a tsara shi musamman ba, ba ya cire sinadaran amoniya da fosfaros yadda ya kamata, ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, kuma ba ya taɓa ragowar magunguna da yawa. Dukkan waɗannan ido ba ya ganin su.

Lissafin da ke ƙarƙashin dokar

Akwai wani tarihi da ya kamata ka sani, domin yana bayyana inda matsalar take. A 1912 wani kwamitin masarautar Birtaniya kan zubar da ruwan ƙazanta ya ba da shawarar iyakar da ƙasashe da dama suka ara daga baya: BOD kada ya wuce 20, dattin da ke yawo kada ya wuce 30. Amma kwamitin ya gina wannan iyaka a kan wani sharaɗi, wato kogin da za a zuba ruwan ya kasance yana da ruwa mai tsabta da ya ninka na matatar aƙalla sau 8. Lissafin mai sauƙi ne. Idan ruwan kogi yana da BOD na 2, aka haɗa kashi 8 nasa da kashi 1 na ruwan matatar mai 20, gaurayen zai tsaya a 4, kuma wannan kogi yana iya ɗauka. Yanzu ka ɗauka rani ya yi, ruwan kogin ya ragu har ya zama daidai da na matatar. Gaurayen ya koma 11, alhali matatar ba ta canza komai ba, takardunta kuma suna nuna ta cika doka. Wurare da yawa sun kwafi lambobin nan biyu sun bar sharaɗin a baya, kuma a ganina wannan ne babban kuskuren da ake yi wajen ba da izinin zuba ruwa a koguna.

Zafi kuma yana ƙara dagula lamarin ta fuska biyu. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe oksijin: a digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5 kawai. A lokaci guda bakteriya suna ƙara saurin cin abinci idan ruwa ya yi ɗumi, don haka suna ƙara saurin shanye oksijin ɗin. Yawancin kifaye sukan fara wahala idan oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 5, idan kuma ya kai 2 ko ƙasa da haka sai mutuwa ta fara, ban da 'yan nau'o'in da ke iya shaƙar iska daga sama.

Dalilin da ya sa sai can gaba

A bakin bututu ruwan bai riga ya rasa oksijin ɗinsa ba, wani lokaci ma yana fitowa da ragowar iskar da aka hura masa a tanki. Ruɓewar tana ɗaukar lokaci, kuma yayin da take gudana kogin yana tafiya. Bakteriya suna cin oksijin, iskar sama kuma tana mayar da shi ta fuskar ruwa. Da farko cin ya fi mayarwar, sai oksijin ya yi ta raguwa har ya kai wani wuri mafi ƙaranci, daga nan dattin ya ragu, mayarwar ta rinjaya, kogin ya fara farfaɗowa. H. W. Streeter da Earle Phelps ne suka tsara lissafin wannan al'amari a 1925 bayan nazarin kogin Ohio a Amurka, kuma har yanzu da shi ake fara koyar da ɗalibai. Wurin mafi ƙarancin yakan zo bayan tafiyar ruwa ta kwana ɗaya zuwa uku. Kogin da ke tafiya santimita 20 a daƙiƙa yana cin kimanin kilomita 17 a yini, saboda haka ba abin mamaki ba ne kifi ya mutu a wurin da mutanensa ba su ma san akwai matatar a sama da su ba. Idan kogin ya yi sanyin gudu sosai, ko ya shiga wani wuri mai zurfi da ruwa ke kwanciya, sai wurin ya matso kusa, ɓarnar kuma ta fi tsanani, domin ruwan da ba ya motsi ba ya shan iska.

Amoniya tana da nata kaso a wannan, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Daga fitsari mafi yawanta take fitowa. Idan ta shiga kogi, wasu nau'in bakteriya suna mayar da ita naitiret, kuma kowane miligiram ɗaya na naitirojin da ke cikinta yana cin kimanin miligiram 4.6 na oksijin. Matatar da ba ta sarrafa amoniya tana iya sakin miligiram 20 ko fiye a kowace lita. Wannan kaɗai buƙatar oksijin ce ta kusan 90, wato fiye da ninki huɗu na BOD ɗin da ake alfahari da shi a rahoto, kuma gwajin kwana 5 sau da yawa ba ya nuna ta, domin waɗannan bakteriya suna jinkirin yaɗuwa. Wannan jinkirin ma yana ƙara tura ɓarnar zuwa gangare.

Koren da ka gani

Launin kore gansakuka ce, ƙananan tsirrai da ke yawo a cikin ruwa, kuma abin da ya ciyar da su shi ne fosfaros da naitirojin da matatar ta saki. A ruwan daɗi fosfaros ne yawanci yake iyakance yaɗuwarsu. An tabbatar da haka a fili a 1973 a wani tafki na gwaji a lardin Ontario na Kanada, inda David Schindler da abokan aikinsa suka raba tafkin gida biyu da labulen roba, suka zuba naitirojin da kabon a ɓangarorin biyu, suka ƙara fosfaros a ɓangare ɗaya kaɗai. Wannan ɓangaren ne ya yi kore, ɗayan bai yi ba.

Da rana gansakuka tana fitar da oksijin har ruwa ya ƙoshi ya yi yawa. Da dare kuwa ta daina fitarwa amma ba ta daina numfashi ba, ita da bakteriya da kifi duk suna ja daga rumbu ɗaya har gari ya waye. Shi ya sa ka ce kuna wayar gari da matattun kifaye, domin da asuba ne oksijin yake kai wa mafi ƙaranci. A aikina na sha tsayawa a bakin kogi irin wannan da na'urar auna oksijin a hannu, da la'asar ta nuna fiye da miligiram 12, in dawo wuri ɗaya kafin fitowar rana ta nuna ƙasa da 2, kifaye sun taru a fuskar ruwa suna buɗe baki, har ana jin ƙarar tsotsonsu. Jami'in da yake zuwa ɗaukar samfur da hantsi, a lokacin aikin ofis, zai rubuta cewa kogin lafiya lau yake, kuma ba ƙarya ya rubuta ba.

Akwai wata illa ta biyu da gansakuka ke jawowa. Da rana tana shanye iskar kabon daga ruwa, sai ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa da ke hawa idan tsamin ya ragu, ya hau. Amoniya iri biyu ce a cikin ruwa, ɗaya mai sauƙin illa, ɗaya mai dafi da ke ratsa gaɓoɓin numfashin kifi, kuma rabon da ke tsakaninsu ya dogara da pH da zafi. A digiri 25, idan pH yana 7, mai dafin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ya kai kusan kashi 5, a pH 9 kuwa ya haura kashi ɗaya bisa uku. Kenan kifin yana shan dafin amoniya da yamma, ya shiga dare a galabaice, sannan rashin iska ya ƙarasa shi da asuba.

Sauran abubuwan da za a iya zargi

Ban ga koginku ba, kuma ba daidai ba ne a yanke hukunci a kan matatar daga nesa ba tare da awo ba. Takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki yana kawo irin wannan kore. Masana'anta tana iya sakin guba cikin dare. Madatsar ruwa a sama tana iya rage gudun kogi fiye da yadda rani kaɗai zai yi. A tsofaffin birane da dama bututu ɗaya ne yake ɗaukar ruwan sama da ruwan ƙazanta, idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya cika ya tumbatsa kai tsaye cikin kogi ba tare da ya bi ta matatar ba, kuma ruwan farko bayan dogon lokaci ba ruwan sama shi ya fi muni domin yana kwaso duk abin da ya kwanta a bututun.

Gawar kifin ma tana ba da labari. Idan rashin oksijin ne, manyan kifaye sukan riga ƙanana mutuwa, mutuwar takan zo da asuba, ana ganin masu rai suna haƙilon iska a sama, kwaɗi kuma ba abin da ya same su. Idan guba ce, ƙananan kifaye sukan riga mutuwa, tana iya faruwa a kowace sa'a, ana ganin kifi yana juyi ko yana fizge-fizge, kuma ƙwarin ruwa da sauran halittu sukan mutu tare. Abin da ka bayyana, wato zafi, janyewar ruwa, kore, safiya, da maimaituwa duk shekara, ya fi kama da na farko.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a rahoto. Hura iska shi kaɗai yana cin kusan rabin wutar lantarkin da irin wannan matatar ke sha, wani lokaci fiye. Na taɓa duba wata matatar da sakamakonta na rana yake da kyau, amma littafin aikin injunan hura iska ya nuna ana kashe su da dare don rage kuɗin wuta. Bakteriyar da ke sarrafa amoniya su ne suka fi rauni, su ne kuma suka fi daɗewa kafin su dawo, don haka amoniya tana fita kusan yadda ta shiga alhali ruwan garau yake. Samfur ɗaya da aka ɗiba a lokacin da aka zaɓa ba ya kama irin wannan. Abin da ke kama shi shi ne samfurin da na'ura ke tarawa kaɗan-kaɗan cikin awa 24.

Me za a iya yi

Gyara yana yiwuwa, kuma kogin Thames shaida ne. Bayan warin da ya addabi Landan a 1858, Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan da suka kwashe ƙazantar zuwa gabashin birnin, amma a can ma cikin kogin ake zuba ta. A shekarun 1950 wani dogon sashe na kogin ba shi da oksijin kusan ko kaɗan a lokacin zafi. Da aka faɗaɗa matatun a shekarun 1960 da 1970 kifi ya dawo, yau kuma an ƙirga fiye da nau'i 100 a cikinsa.

Idan aka tambaye ni ta ina za a fara, zan ce a fara da tabbatar da cewa abin da aka riga aka gina yana aiki awa 24, domin babu amfanin sabuwar fasaha a kan injin da ake kashewa. Sai a bi da amoniya, ta hanyar ƙara iska da barin bakteriya su daɗe a tanki, wanda yake magance dafi da babban kaso na cin oksijin a lokaci ɗaya. Sai fosfaros, wanda ake iya saukar da shi ƙasa da miligiram 1 a lita ta hanyar zuba gishirin ƙarfe ko na alminiyam ya dunƙule shi ya kwanta, ko da yake wannan yana ƙara yawan lakar da za a nemi inda za a kai. Inda akwai fili, ratsa ruwan ta cikin fadamar da aka gina da gangan kafin ya kai kogi yana taimakawa da kuɗi kaɗan. Mafi muhimmanci a wurina shi ne a sake rubuta izinin matatar bisa ruwan da kogin yake da shi a mafi ƙarancinsa, ko a sa iyaka mai tsauri ta musamman ga watannin zafi.

Wata hanya ita ce kada a zuba ruwan a kogi gaba ɗaya a lokacin rani, a karkatar da shi zuwa ban ruwa, inda naitirojin da fosfaros suke zama taki. Birnin Windhoek na Namibiya ma tun 1968 yake tace nasa har ya koma ruwan sha. Amma a yi hattara, domin akwai kogunan da a lokacin rani ruwan matatar ne mafi yawan abin da ke gudana a cikinsu, idan aka janye shi sai su ƙafe. Haka nan kashe ƙwayoyin cuta da kulorin yana kare masu wanka da masu ɗiban ruwa a gangare, amma ragowarsa guba ce ga kifi ko da kaɗan ce, sai an cire ta kafin a saki ruwan ko a yi amfani da hasken da ke kashe ƙwayoyin a madadinsa.

Ko an yi duk wannan, abu biyu za su rage. Fosfaros ɗin da ya taru a lakar gindin kogi yana ci gaba da fitowa shekaru bayan an rage shi a bututu, don haka kore ba ya gushewa nan take. Sannan ragowar magunguna suna wucewa ta matatar da aka saba da ita. A wani tafkin gwaji a Ontario an zuba sinadarin da ke cikin ƙwayar hana ɗaukar ciki a ma'aunin da bai wuce nanogiram 5 zuwa 6 a lita ba (nanogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na miligiram), mazan wani ƙaramin kifi suka fara nuna siffofin mata, cikin 'yan shekaru nau'in ya kusa ƙarewa a tafkin. Irin wannan ba ya barin gawa a kan ruwa, kifin ne kawai yake raguwa. Suwizalan ta fara aiki da wata doka a 2016 da ta wajabta wa kimanin 100 daga matatunta ƙara matakin iskar ozon ko gawayi na musamman domin cire kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan sinadarai, amma wannan mataki ne mai tsada da ba ya da ma'ana kafin a gyara na biyu.

Abin da zai raba gardama a koginku awo ne mai sauƙi. A auna oksijin da zafi da pH da amoniya a wuri ɗaya sama da bututun, da wurare da dama a gangare har a wuce inda kifin ke mutuwa, a yi da asuba a kuma yi da la'asar, a cikin makonnin da ruwa ya fi janyewa. A nemi hukumar ta nuna sakamakon amoniya da fosfaros na ruwan da take saki, tare da yawan ruwan kogin da aka yi lissafin izininta da shi. Idan sama da bututun ruwan lafiya yake, amoniya ta yi tsalle a ƙasansa, oksijin na asuba kuma ya yi ta sauka har wurin da kuke tsintar kifin, to matatar ce, ko da ta cika kowace ƙa'ida da ke rubuce. Idan kuwa kogin ya riga ya yi kore tun kafin ya iso bututun, sai a haura sama a nemi gonaki ko wani mazubin da ba a sani ba.